Rana ta Talatin da Biyar

Wayar ta shigo ne Pei Shulan na tsaye a bakin kogin Marne kusa da Paris, tana kallon ma'aikatanta suna sauko da gidan takarda daga bayan mota. Mutum huɗu suka tallabo shi, ba don nauyi ba, don dai kada iska ta fizge musu shi. Gida ne mai hawa biyu, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, an ɗaura shi da gora an lulluɓe shi da takarda ja da koriya da mai ruwan zinariya. Da faɗuwar rana za a cinna masa wuta a gaban kyamara, daga nan fim ɗin da ta shekara shida tana fama da shi ya ƙare.

Ƙaninta ne Baoshan, daga gida. Sai da wayar ta kusa katsewa ta ɗauka.

"Yaya, kin san yau wace rana ce?"

"Talata."

"Talata!" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yau Inna ta cika kwana talatin da biyar. Yau take hawa tudu ta waiwayo ta yi wa nata kallon ƙarshe. Ni zan gaya miki? Ba ke kika rubuta shi a littafi ba, har Turawa suka karanta?"

Idon Shulan na kan rufin gidan, inda gefen wata takarda ya ɗan ɗago.

"Ni dai na yi nawa," in ji Baoshan. "Na rungumi hotonta har bakin kabari. Matata ta yi kuka har muryarta ta dushe. Amma yau ranar 'ya mace ce, suruka kuwa ba 'ya ba ce. Rigar sanyin nan shuɗiya da na aiko miki, ki ƙona mata ita, ki kira ta, kafin rana ta faɗi. Mu nan tamu ta riga ta faɗi. Taku ce ta rage."

"Ina wurin aiki, Baoshan."

"Ranar da aka binne ta ma wurin aiki kike. Ba faɗa na kira mu yi ba. Ba ta da wata 'yar sai ke." Ya ɗan dakata. "Wadda muka san inda take, nake nufi."

"Rigar tana nan. An yi aiki da ita, amma tana nan."

"Aiki kamar yaya?"

"Tsohuwar da ke fitowa a matsayin uwa a fim ɗin ce ta sa ta. Ta yi kyau a hoto."

Ta ji numfashinsa sau biyu, sannan ya kashe wayar.

Ta mayar da ita aljihu, ta laluba cikin zuciyarta ko za ta taɓo wani abu, kamar mai laluben ashana a aljihun da ya san babu komai. Babu ɗin kuwa. Haka take tun safiyar da aka gaya mata. A ranar ta ce to, ta ƙarasa cin burodinta, ta wanke kofi, ta tafi duba wurin ɗaukar fim. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma danne kukan ba, don ba ta ga wanda za ta danne ba. Abinci dai ya daina ɗanɗano, kuma in ana yi mata magana sai ta ji kamar daga ɗakin maƙwabta ake yi.

Shekara goma sha tara ke nan rabonta da gida. 'Yan jaridar Paris suna son kiranta marubuciyar da aka raba da ƙasarta, ita kuwa ba ta taɓa gyara musu ba, domin suna ne mai buɗe ƙofofi. Gaskiyar magana ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya hana ta komawa. Littafinta na uku ne ya yi mata wannan aikin. A cikinsa ta ba da labarin wata mata da ta ajiye jaririyarta cikin kwando a mashigin kogi a shekarar yunwa, ta dawo gida ta hura wuta kamar ba abin da ya faru. Ta canza wa matar suna, amma ba ta canza kogin ba, ba ta kuma goge tabon ƙunar da ke bayan hannunta ba. Innarta ba ta taɓa shiga aji ba, sai wata maƙwabciya mai son taimako ta ɗauki nauyin karanta mata littafin, a tsakar gida, da babbar murya, yadda na bayan katanga ma ba za su yi asara ba.

Tun daga ranar, in Shulan ta buga waya tsohuwar ta ɗauka, da ta ji muryarta sai ta ce, "Baoshan, wayarka," ta ajiye kan wayar a kan tebur. Shulan takan ji takun silifas ɗinta yana yin nisa. Iyakar abin da ta ji daga bakin uwarta ke nan a shekara goma sha tara.

A Faransa ta gwada rubutu da Faransanci, maganganun suka riƙa fitowa a sandare kamar wankin da ya kwana a waje da sanyi. Ta koma Sinanci, ya zama ba mai karanta ta sai mai fassara ta. Sai ta kama kyamara, tana cewa hoto ba ya neman mai fassara. Ta yi fim biyu, ta samu 'yar lambar yabo mai siffar tsuntsu da take danne takardu da ita, ta yi aure da wani malamin jami'a har auren ya ƙare ba tare da an ɗaga murya ba. Fim na uku kuwa, da yake mutum ba ya jin magana, sai ta koma wa littafin nan da ya raba ta da gida. Har ta ƙara masa sabon ƙarshe: uwar ta mutu, 'yar ta dawo daga ƙasar waje, ta durƙusa a bakin kogi ta ƙona mata gida. Ta kashe uwar a takarda shekara biyu kafin ta mutu a gado. Da mutuwar ta zo da gaske, ba ta gaya wa kowa a wurin aiki ba.

Rigar kuwa sati biyu da suka wuce ta iso a cikin kwali. Ta buɗe, ƙanshin kafur da hayaƙin itace ya bugi hancinta. Riga ce mai auduga a ciki, maɓallanta na zare, da faci a gwiwar hannun dama. Ta daɗe tana kallonta, kuma abin da ya zo mata a rai, shi kaɗai, shi ne ga shuɗin da mai kula da suturar fim ta yi wata uku tana nema ba ta samu ba. Da safe ta kai mata.

"Darakta."

Ta juya. Gwaggo Mo ce zaune a kan akwati a bayan motar, da kwanon gam a cinyarta. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da ɗaya, shekara talatin ta yi tana ɗinki a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na unguwar Belleville a Paris, yanzu kuma tana haɗa kayan takarda na matattu a bayan shagon surukinta. Ita ta fito a matsayin uwar, ita kuma ta haɗa gidan. Shulan ta ɗauke ta ne saboda hannuwanta, da kuma yarenta, don ƙauyensu yana can sama da nasu Shulan a bakin kogi ɗaya. Da yake Shulan ta saba yin waya a gaban Faransawa ba mai gane ko kalma, sai ta manta yau akwai kunne a kusa. Aikin tsohuwar a fim ya ƙare tun makon jiya, amma ta ji daɗin rigar, sanyi kuma ake yi, ga ta nan a jikinta.

"Darakta, rigar wa ce wannan a jikina?"

"Ta innata ce."

"Wannan na sani tun ranar da na buɗa mata ɗinki. Tambayarki nake, innar taki tana ina?"

"Ta rasu."

"Yaushe?"

"Ai kin ji."

Gwaggo Mo ta ajiye kwanon gam a ƙasa. Ta shiga ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ta cire rigar ta ninke ta, ta juya gefe ta tofar da yawu sau uku. Daga ita sai 'yar suwaita mai fatsi-fatsi, iska na kaɗa ta.

"Kin sa mini rigar mamaciya," ta ce, "kin kwantar da ni a gado, kin ce in rufe ido in daina numfashi. Sau nawa? Sau tara! Sau tara na mutu a cikin rigarta, ke kina zaune kina cewa a sake, wai bakina ya motsa. Ke wace irin 'ya ce? Karatun ne ya cinye miki kai, ko cukun Faransawa?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo."

"Ni bar ni. Ni tsohuwa ce, in ta zo ta same ni ma hira za mu sha. Ita fa? Kwana talatin da biyar a can babu rigar sanyi, ni ina nan ina yanga da tata!"

Shulan ta san kamata ya yi kunya ta kama ta. Ta tsaya tana jiran kunyar, ba ta zo ba.

Tsohuwar ta nuna gidan da haɓa. A saman ƙofarsa akwai farar takarda doguwa da ba a rubuta komai a kai ba. Nan ne za a sa sunan mai gida, kuma Shulan ce za ta rubuta da alƙalamin gashi, don duk wurin ita ce mai hannu.

"Sati uku ina haɗa gidan nan. Na sa murhu, na sa gado da bargo, na sa kaji biyu a tsakar gida. Tun farko na gaya miki, ba a ƙona gida da sunan matar da ba a taɓa haifa ba, 'yan gararamba na can ne za su shige su baje. Kika ce fim ne. To ashe akwai mai shi. Ki sa sunanta, mu ɗora rigar a kai, ki kira ta."

"To, zan sa. Ba mai karanta rubutun daga nesa."

"Ke, saurara! Ba haka ake yi ba." Ta miƙe, ta ja ta zuwa inda aka zana da'ira da alli a kan dandamalin siminti na tsohuwar mashaya. "Dubi abin da Baturen nan ya zana. A rufe ruf, kamar bakin kwalba. Ta ina za ta shigo ta ɗauka? Sai an bar mata ƙofa ta gabas, wajen da take kwance. Kuma ba a tsayawa a kan hanyarta. Wancan mene ne a gabas?"

A gabas ɗin kyamara ce, a kan ƙarafan da aka shimfiɗa mata tun safe. Gaspard, mai ɗaukar hoton, wanda suka yi fim biyu tare, shi ya zaɓi wurin. Daga can yake so ya ɗauko wutar da ranar tana faɗuwa a bayanta.

"A matsar da ita gefe ke nan," in ji Shulan.

"A rufe ta. Ba a ɗaukar mutum hoto yana karɓar kayansa. Ba ya isa ba, tonon sililin da kika yi mata tana raye?"

Ashe ita ma an karanta mata. Shulan ta dubi agogo. Ɗaya da rabi.

"Gwaggo, gida ɗaya muke da shi, rana ɗaya. Mu ɗauki fim ɗin, in mun gama zan ƙona rigar."

"In kun gama rana ta faɗi. Na ji dogon nan yana cewa sai ta nutse zai kashe na'urarsa. Ba na jin yarensu sosai, amma ina da ido." Ta rungume rigar a ƙirjinta. "Gida ɗaya, rana ɗaya, uwa ɗaya. Ki zaɓa."

Shulan ba ta zaɓa ba. Ta koma aiki, wanda shi ne abin da ta iya.

Aka yi gwaji da Sabine, 'yar wasan da ke fitowa a matsayin 'yar, Basiniya haifaffiyar Paris wadda ba ta taɓa taka ƙasar iyayenta ba sai yawon buɗe ido. Yarinyar ta iya kuka, hawaye kamar an buɗe famfo, kuma fuskarta ba ta ɓaci. Ta durƙusa a gaban gidan sau uku, sau uku tana kuka, har mai riƙe da sandar makirfo ya share ido. Shulan na zaune a gaban ƙaramin allo tana kallon 'yar da ta dawo gida.

Da aka tsaya, Sabine ta zo ta tsuguna kusa da ita tana goge hanci.

"Shulan, gaya mini gaskiya. A daidai nan me ya kamata in ji? Nadama ce, ko fushi? Ina so in san daga inda kukan yake fitowa."

Shulan ta dube ta. Shekara shida tana amsa irin wannan tambaya ba tare da ta yi tunani ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Ki durƙusa kawai."

Rana ta yi ta sauka. Kwanakin sanyi ne, kafin biyar take faɗuwa. Huɗu da kwata gajimaren da ya wuni a yamma ya tsage, haske ya kwararo kan ruwa, ja-ja, ya haska takardun gidan har ana ganin gorar da ke ciki. Gaspard ya ɗago daga bayan kyamara yana murna kamar an yi masa haihuwa.

"Shulan, dubi! Kin taɓa ganin irinsa? Minti ashirin muke da su, kada mu yi wasa. Rubuta sunan nan mu tafi."

Aka miƙo mata alƙalamin gashi da kwanon tawada. Ta durƙusa a ƙofar gidan. Sunan da ta ƙirƙira wa matar yana bakin alƙalamin, ta rubuta shi ya fi sau dubu, a littafi da takardun fim. Sai ga Gwaggo Mo ta tsuguno kusa da ita da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɗora mata rigar a cinya.

"Ban zo roƙonki ba. Taɓa nan."

Ta kama hannun Shulan ta ɗora a ƙasan rigar, ta hagu, wajen kalmasa. Akwai wani abu mai ɗan tauri a cikin shafin, bai fi faɗin akwatin ashana ba.

"Da na buɗa ɗinkin don ta shige ni na gan shi. Na mayar na ɗinke, ba nawa ba ne. Hotonki ne, kina da ƙuruciya, da gajeren gashi kamar namiji. Da almakashi aka yanko shi daga jikin wani abu, har an ci gefen kunnenki. Ya yi laushi kamar tsumma, an wanke rigar da shi ba sau ɗaya ba."

Sau ɗaya Shulan ta taɓa aske gashinta haka, kuma hoto ɗaya aka yi mata da shi. A bangon baya na littafin nan yake.

Ta danna wurin da babban yatsa. Ba ta ji zuciyarta ta tsinke ba. Ta dai ga innarta a ranta, zaune a bakin gado, tana juya littafin da ba za ta iya karantawa ba, tana neman abu ɗaya da ta gane a cikinsa. Ta tsoma alƙalamin a tawada. Sai da ta ɗan tsaya, domin duk rubuce-rubucen da ta yi a duniya ba ta taɓa rubuta wannan sunan ba. A ƙauye matar Pei ake ce mata, a gida Inna. Ta rubuta daga sama zuwa ƙasa: Tan Jinmei.

Ta miƙe ta nufi Gaspard.

"Rufe kyamarar. Ku ɗauke ƙarafan nan daga hanya."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba.

"Me ya faru? Hasken ne? Hasken ba shi da laifi!"

"Uwata ta mutu. Gidan nata ne."

Ya cire hularsa, ya mayar. Ya ce ya yi baƙin ciki, kuma da gaske yake. Sannan ya rage murya.

"Shulan, shekara shida. Babu gida na biyu. Gobe za a kwashe kayan nan, Sabine kuma jirginta da safe ne. Fim ne za mu kai ba ƙarshe? Bari in koma can bayan itatuwa, in jawo daga nesa. Ba zan tsaya wa kowa a hanya ba. Ba wanda zai sani."

Ta dubi bayan itatuwan. Daga can ɗin zai yi kyau, watakila ma ya fi, da rassan a gaba baƙi-baƙi. Idonta ya riga ya yanka hoton tun kafin ya rufe baki, kuma ta tsani idon nan nata.

"Me dogon yake cewa?" Gwaggo Mo ta tambaya daga baya.

"Yana cewa zai rufe," in ji Shulan da yarensu. Ta koma Faransanci. "Rufe ta, Gaspard. A gabana."

Ya rufe. Ma'aikatan suka ɗaga ƙarafan, suka koma jikin mota suka tsaya cirko-cirko, wasu suka kunna taba. Sabine na tsaye cikin fararen kayan makoki na fim, ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba.

Gwaggo Mo ta goge allin da tafin takalminta ta gefen gabas, ta buɗe ƙofa kamar taki ɗaya. Su biyu suka juya gidan ƙofarsa ta kalli wajen. Ta aika aka ɗebo shinkafa da awara daga abincin ma'aikata, ta ajiye kwanon a bakin da'irar da tsinkayen ci a gefe, ta kunna turaren tsinke uku. Shulan ta shimfiɗa rigar a kan rufin, hannayenta suka sauko gefe da gefe. Ba ta farke ɗinkin ba. Ba ita aka ɗinka wa ba.

Ashana biyu iska ta kashe, ta uku ta kama.

"Durƙusa. Kira ta."

"Inna."

Muryar ta fito a bushe, irin wadda ake kiran mai shago da ita.

"Haba, 'yar nan! Daga ina zuwa ina? Ɗaga murya, tafiyar da nisa."

"Inna! Zo ki karɓi gidanki. Ga rigarki."

"To yi mata kuka."

"Babu, Gwaggo."

Tsohuwar ta dube ta, ta ga ba taurin kai ba ne, babu ɗin ne. Ta yi tsaki, ta gyara zama a kan siminti, ta buga cinya, ta saki kuka irin na matan bakin koginsu, mai tashi sama ya karye ya gangaro kamar waƙa. Tana yi tana lissafa wahalar matar da ba ta taɓa gani ba, da ɗiban ruwa da asuba, da shekarar da aka ci ɓawon itace, da kwandon da aka ajiye a mashigi, da hannun da ya koma gida wayam. Masu taba suka jefar da tabarsu.

Shulan na durƙushe. Abin da take ji shi ne sanyin siminti yana ratsa wandonta, da zafin wuta a fuskarta. Ta ga kajin takarda sun murɗe, ta ga hawa na biyu ya karkata hagu ya rufta, daidai yadda ta so ya yi a fim. Audugar rigar ba ta kama da wuri ba, sai da ta yi hayaƙi tukuna, ƙanshin kafur ya tashi. Rabin ranar ya shige bayan itatuwa.

Gwaggo Mo ta katse kukanta tsaf, kamar an rufe rediyo, ta fyace hanci.

"Ke, tana can kan tudu tana dube-dube. Gidan ƙaninki ta san shi, ta gan shi tun ɗazu. Ke fa? Ta san inda kike zaune? Kin taɓa gaya mata?"

Shekara goma sha tara, Baoshan wayarka, da takun silifas. Shulan ta sauya gida sau huɗu, ba wanda innarta ta san ko sunan titinsa.

"Ban taɓa ba."

"To ina za ta duba? Duniyar da faɗi. Gaya mata, maza, kafin ta sauka."

Ta juya ta fuskanci ƙofar allin. Can gabas duhu ya fara haɗuwa, babu abin gani sai wata gada da motoci ke wucewa a kai da fitilunsu.

"Inna, ni ce, Shulan," ta ce da yarensu. "Ki dubi wajen da rana take faɗuwa, ki yi ta dubawa, ki wuce duwatsu. Sunan garin Paris. Unguwar kuma Belleville, akwai mutanenmu da yawa, in kin tambaya za su gane maganarki. Titin yana hawa tudu. Ki wuce shagon mai gasa agwagi, gida na uku, ƙofar koriya ce, tana da tauri, sai kin sa kafaɗa."

Ta ci gaba.

"Hawa na biyar ne, Inna, kuma da ƙafa ake hawa. Ki riƙa hutawa a tsakani saboda gwiwarki."

Ranar ta ƙarasa nutsewa. Gwaggo Mo ta dafa ƙasa za ta tashi, sai ta ji Shulan ta sake farawa, ta koma ta zauna. Tun daga farko ta ɗauko, daga wajen faɗuwar rana, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, domin Inna ba ta iya rubutu ba, sai dai ta haddace.